Dogon Turanci da Riƙon Jama'a: Abin da Ya Kamata Mu Koya Kafin Mu Fita



Duk shekara idan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya zo, akwai abin da ba ya canzawa a daren gabatar da manufofi. Ɗan takarar da ya fi kowa zuba dogon Turanci shi ya fi kowa shan tafi. Zai jefo kalma mai gaɓa shida, ɗakin taro ya ɗauki ihu, a yi ta dukan benci. Ka fito waje ka tare wanda ya fi kowa ihun ka ce, "To me ya ce zai yi game da matsalar ruwa a ɗakunan kwana?" Sai ya ce maka, "Kai dai bari, gayen nan ya ji Turanci." Shi ke nan, an gama zaɓe a zuciyarsa.

Da abin a ɗakin taro ya tsaya, da sai a yi dariya a wuce. Amma da wannan tunanin muke fita daga makaranta, da shi muke shiga wurin aiki. Mun haɗa abu biyu mun mayar da su ɗaya: iya Turanci da iya shugabanci. Wanda bakinsa ke gudu yana ɗauka ya cancanci ya ja gaba ko da bai iya riƙe mutum uku ba. Wanda ya taso ƙauye, Turancinsa na tafiya da ɗingishi, yana ɗauka shi kam an halicce shi ne don ya bi. Duka biyun sun yi asara, wuraren aikin da za su karɓe mu ma sun yi asara. Ra'ayina shi ne ajin Turanci na iya gyara wannan, idan aka sauya yadda ake koyarwa a cikinsa, kuma mu ɗalibai muna da namu kason a gyaran.

Mu fara da abin da ke hannu. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tsara manhajar kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan. Kowane ɗan difloma, ko injiniya yake karanta ko akanta, sai ya bi ta darussan GNS: 101 da 102 a shekarar farko, 201 da 202 a ta biyu. Ga kuma darussan EED na koyon sana'a da kasuwanci, inda ake kawo zancen halayen jagora. A takarda babu laifi. Akwai rubuta wasiƙa, akwai rahoto, akwai sadarwa a wurin aiki. Matsalar ita ce yadda muka saba ɗaukar darasin. Ana ba mu jerin kalmomin Turanci guda bakwai ko goma a kan halayen shugaba nagari, mu haddace daren jarrabawa, mu juye a takarda, mu fito mu manta. Ɗalibi zai rubuta kalmar Turanci da ke nufin riƙon amana ba tare da kuskuren harafi ɗaya ba, alhali a wannan jarrabawar da satar amsa ya shiga. Wani zai lissafa "iya sauraro" a lamba ta uku, amma bai taɓa barin abokinsa ya kai ƙarshen magana ba.

Ina ɗan difloma yake tsayawa a wurin aiki?

Wannan tambayar ya kamata a fara yi mana tun makon farko. Mu ba injiniyoyin da ke zana gini a ofis ba ne, kuma ba mu ne ke ɗaukar kwanon kankare ba. A tsakiya muke. Daga sama takarda ke sauko mana da Turanci: zane, ƙa'idar aiki, umarnin da ke jikin galan ɗin magani, wasiƙar manaja. A ƙasa akwai birkila, kafinta, mai walda, direba, lebura, manomi, waɗanda mafi yawansu da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci za ka yi musu bayani. Sannan abin da suka gani da kokensu, kai za ka mayar da shi Turanci ka kai sama. Ke nan aikinmu na yau da kullum tafinta ne, kuma shugabancinmu na farko a nan yake. Idan ka kawo saƙon sama a karkace, aiki ya lalace. Idan ka kai na ƙasa a karkace, an zalunci mutane.

Na ga wannan da idona lokacin SIWES, wato watanni huɗun nan na sanin makamar aiki da muke yi bayan ND I, shirin da asusun ITF ya ɓullo da shi tun shekarun 1970. An tura ni wani wurin gini da ba zan ambaci sunansa ba. Akwai wani matashin mai duba aiki, takardunsa sun cika, Turancinsa kamar ruwa. Idan zai ba da umarni, da Turanci yake bayarwa, da sauri, yana tafiya yana magana. Wata safiya ya faɗi yadda za a haɗa kankaren wasu ginshiƙai: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma a riƙa ba su ruwa har kwana bakwai. Masu aikin suka ce, "Yes sa." Bayan ya wuce sai na ji wani dattijo a cikinsu yana tambayar na kusa da shi, "Wai mi yac ce?" Wancan ya ɗaga kafaɗa. Ba wanda ya bi shi ya sake tambaya, domin wanda ya gwada hakan a makon da ya wuce an kira shi jahili a gaban yaransa. Suka haɗa yadda suka saba haɗa na daɓe, ruwan ma kwana biyu aka ba shi. Da babban injiniya ya zo ya duba, sai da aka fasa ginshiƙi uku. An zabtare wa leburori kuɗin kwana biyu. Mai duba aikin kuwa ya rubuta rahoto mai kyau da Turanci mai kyau, ya ce ma'aikata ba sa jin magana.

A wannan wurin dai akwai wani heluma, bai yi boko ba, amma mutum kusan talatin ke ƙarƙashinsa. Idan ya faɗi abu sai ya ce wa ɗaya, "Maimaita mini in ji." Ya san wanda matarsa ke asibiti. Ya san wanda bai karya ba. Ranar biya shi ke karɓar nasa a ƙarshe, bayan ya ga kowa ya samu. Idan oga ya zo da abin da ba zai yiwu ba, yakan cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, wannan in aka yi shi haka ba zai tsaya ba," sannan ya kawo dalili. Ni dai a wata huɗun nan, abin da na koya daga wannan bawan Allah ya fi abin da na haddace a kan shugabanci tun daga sakandare. Abin da ya rasa ɗaya ne: ba zai iya rubuta rahoto ba, don haka kullum labarin wurin aikin daga bakin wani ake jin sa. Mu da muka zo makaranta, damarmu ita ce mu haɗa halin heluman nan da alƙalamin wancan matashin.

Kada a ɗauka wannan ciwon na ƙasarmu ne kaɗai. Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka ba. Akwai hazo, akwai kalaman rediyo da kowane ɓangare ya fahimta daban. Akwai kuma injiniyan jirgin KLM da ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, babban matuƙi ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Bayan wannan musiba, masu harkar jiragen sama sun gyara abu biyu. Sun taƙaita kalmomin da ake amfani da su a rediyo, kowace da ma'ana ɗaya, kuma wanda aka ba umarni sai ya maimaita. Sun kuma fara horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba, da yadda babba zai saurara. Ku lura: mutanen da rayuka ɗaruruwa ke hannunsu, sauƙaƙa Turancinsu suka yi. Kuma "maimaita mini in ji" da heluma ke yi a wurin gini, ita ce doka a sararin samaniya.

Muna da namu, me ya sa ake fara mana da na wasu?

Littattafan da ake ɗebo darasin shugabanci daga cikinsu, galibi an rubuta su ne don ofisoshin Amurka da Ingila. Za su ce ka kalli mutum tsakiyar ido, ka riƙe hannunsa da ƙarfi, ka kira maigidanka da sunansa na yanka. Ka gwada wannan a gaban wani dattijo a Illo ko Kaoje ka ga yadda za a kwashe. A wurinmu wanda ya ƙura wa babba ido marar kunya ne, kuma 'yan uwanmu mata da yawa ba sa musabaha da maza. Ɗalibin da ya taso da wannan tarbiyya, idan aka ce masa ga yadda shugaba yake, sai ya yanke hukuncin cewa shi bai dace ba. Ya kamata a gaya masa gaskiya: waccan al'adar wani wuri ce, ka san ta domin wata rana za ka zauna gaban masu ɗaukar aiki da ke auna mutum da ita, amma tarbiyyar gidanku ba naƙasa ba ce. Gwaninta ita ce sanin wace za ka ɗauko a wane zaure.

Kuma halayen nan da ake jera mana da Turanci, duk suna da suna a harshenmu tun kafin a haifi kakanninmu. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa kuma ya koyar a Zariya, ya wallafa wani ɗan littafi a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Abin da ya tattaro daga bakin mutanenmu shi ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A ɗauki wannan jeri a ajiye kusa da na cikin takardun lakca, a ga ko akwai abin da ya ɓace. Mu 'yan Kebbi ma bai kamata a yi mana gori a wannan fanni ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a farkon ƙarni na 19, littafi a kan yadda ake riƙon jama'a da yin hukunci da adalci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa mata jajis, ta ba su malfa alamar jagoranci, su koma garuruwansu su koyar da sauran mata. Ta san Larabci sarai, amma da Hausa da Fulatanci ta isar da karatun ga waɗanda ta nufa, domin burinta a gane.

A ƙauyukanmu ma makarantar shugabanci ba ta rufe ba. Duk wanda ya taso a gefen kogin Kwara ya san yadda ake gayyar shinkafa: wani ya tara mutum ashirin ba tare da takardar ɗaukar aiki ba, ya raba musu kunya-kunya, ya san wanda zai sa a gaba don ya ja sauran, ya tabbata abinci ya iso kan lokaci. Akwai sarkin noma, sarkin ruwa, sarkin kasuwa, sarkin pawa, kowa da mutanen da yake sasantawa. Ɗalibar da ta riƙe adashin mata goma sha biyu a unguwarsu shekara biyu ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta san riƙon amana fiye da abin da za a tambaye ta a jarrabawa. Abin da take buƙata daga ajin Turanci shi ne kalmomin da za ta bayyana wannan ƙwarewa da su ranar da ta zauna gaban masu tantancewa.

Darasin bakin iyaka

Ni daga Lafagu nake, a ƙaramar hukumar Bagudo, inda ƙasarmu ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Wanda ya taso a wannan yanki ya san harshe kayan aiki ne. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa, Fulatanci, Dandanci, Kyanganci da Busanci. Ka bi ta Tsamiya ka nufi Segbana, ko ka je babbar kasuwar Malanbil, takardar hukuma ta koma Faransanci, kuɗi ya koma sefa. Mutanen da ake girmamawa a harkar fatauci a can su ne waɗanda za su tsaya tsakanin mai kaya da direba da jami'i, su yi wa kowa magana da harshen da yake ji, a rabu ba wanda ya ji an cuce shi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kowa a yankinmu ya ji a jikinsa, kuma kowa ya ga darajar mutumin da zai iya karanta sanarwar hukuma ya fassara ta daidai, ba ƙari ba ragi, sannan ya iya rubuta koken jama'a a takarda.

Saboda haka idan na ga ɗan uwana daga irin wannan yanki ya shigo aji yana jin harshe uku ko huɗu, amma ya maƙale a bencin baya don kada a yi masa dariya idan ya ce "fifty" da "p", raina yakan ɓaci. Wanda ke masa dariyar sau da yawa harshe ɗaya da rabi gare shi. A ma'aunin wurin aiki, musamman a jiha irin tamu da ke da iyaka da Benin da Nijar, na bencin bayan nan ya fi shi jari. Ba a dai taɓa gaya masa ba.

Abin da za a ce mini

Na san wasu za su ce, "Wannan dai yana neman wa ragwaye mafaka ne." A'a. Turanci dole ne, kuma duk wanda ya ce maka ba dole ba ne yaudararka yake yi. Da shi za ka rubuta firojek, da shi za ka nemi gurbin aikin shekara ɗaya da ake buƙata kafin HND, da shi za a yi maka tambayoyi ranar neman aiki. A makarantar nan ma muna da 'yan uwa Yarbawa, Ibo, Nufawa, Dakarkari, Kambari da sauransu, kuma ba kowa ke jin Hausa ba. Turanci ne tabarmar da dukanmu za mu zauna a kai. Wanda ya ƙi koyon sa zai ƙare kamar heluman da na ambata: yana da gaskiya amma wani ke rubuta labarinsa. Abin da nake ja da shi shi ne irin Turancin da muke yi wa tafi. Turancin burga daban, Turancin aiki daban. Na aiki shi ne wanda idan ka faɗa, mutum zai tashi ya yi abin da kake nufi ba tare da ya juya ya tambayi na kusa da shi ba. Kuma wallahi ya fi na burga wuyar koyo, domin sai ka fahimci abu sosai kafin ka iya faɗin sa a taƙaice.

Wasu kuma za su ce shugabanci baiwa ce, ba a koyar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ba malamin da zai zuba maka amana a cikin kai. Amma akwai ɓangaren da ake koya kamar yadda ake koyon tuƙi. Yadda za ka gyara wa mutum kuskure ba ka tozarta shi ba, ana koyo. Yadda za ka ce wa na sama da kai "a'a" cikin ladabi, ana koyo. Mutane da yawa masu gaskiya sun yi shiru a inda ya kamata su yi magana, don kawai ba su da jimlar da za su fara da ita.

Sannan malamanmu za su ce, da wane lokaci? Aji ɗaya ɗalibai sun cika har tagogi, awa biyu a mako, ga takardun jarrabawa jibgi. Wannan uzuri ne na gaskiya, shi ya sa shawarwarin da zan kawo ba sa buƙatar sabon gini ko sabon kasafi.

Ga abin da nake roƙo

Ga malamanmu na GNS, tare da girmamawa. Na farko, idan aka zo darasin halayen shugaba, a fara da tambayar ɗalibai: wa ka taɓa yi wa aiki ka ji daɗi, kuma me yake yi? Kowa ya faɗa da harshen da ya fi iyawa, sannan a taru a nemo yadda ake faɗin sa da Turanci. Kalmar da ka samo da kanka a kan mutumin da ka sani ba ta ɓacewa bayan jarrabawa.

Na biyu, a raba aji rukuni-rukuni na mutum goma, a riƙa gwada ayyuka biyar da kowane ɗan difloma zai ci karo da su: ba da umarni cikin jimla uku, rubuta rahoton abin da ya lalace a rabin shafi, da rana da lokaci da adadi, gaya wa oga cewa abin da ya ce akwai haɗari a ciki, gyara wa na ƙasa kuskure, da jagorantar taro tare da rubuta abin da aka zartar. Shugabancin rukuni ya riƙa zagayawa kowane mako, kuma ya biyo ta kan mata. Abin da muka saba, namiji shugaba mace sakatariya, ya isa haka. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mata za su riƙe ɗakunan gwaji da ofisoshin kuɗi, maza na ƙarƙashinsu. Gara su fara gwadawa a nan inda kuskure ba ya cin albashi.

Na uku, a ba da maki a kan fahimta. A miƙa wa ɗalibi umarnin da ke jikin galan ɗin maganin feshi ko takardar kunna janareto, ya bayyana wa rukuninsa da Turanci mai sauƙi, sannan da Hausa ko wani harshen da suke ji. Idan suka iya maimaita abin da ya ce daidai, ya ci. Idan suka kasa, ko kalmominsa sun kai tsawon igiyar guga, bai ci ba.

Ga ƙungiyar ɗalibai. Ku ne kuka fi kowa damar yin wani abu gobe-goben nan. A ware awa ɗaya a mako, aji ɗaya da babu kowa da yamma, a yi zaman gwada magana. Doka ɗaya tak: ba dariya. Wanda ya yi wa wani dariya, shi zai tashi na gaba. Sau ɗaya a wata a gayyato wanda ya riƙe mutane da gaske, ko heluma ne, ko shugabar ma'aikatan jinya da ta yi ritaya, ko shugaban 'yan tasha, ya yi magana da harshen da ya ga dama, ɗalibai biyu su fassara, wasu biyu su rubuta rahoto. Muna da ɗalibai daga garuruwan iyaka da ke jin Faransanci. A ba su rabin awa su koya mana gaisuwa da ƙirga da kalmomin ciniki. A daren manufofi kuma, bayan ɗan takara ya gama jawabinsa, a ba shi minti ɗaya ya faɗi abu uku da zai yi, da wata da zai yi su, cikin kalmomin da ɗan ND I da ya zo jiya zai gane. A rubuta, a manna a allo, a dawo a duba a ƙarshen zango.

Ga mu kanmu. Littafin SIWES da muke bari sai daren da za a karɓa mu cike shafi arba'in da ƙarya iri ɗaya, shi ne atisayen rahoto mafi arha da za mu taɓa samu. Layi huɗu kullum: me aka yi, wa ya yi, me ya lalace, me aka koya. Wanda ya yi haka wata huɗu zai ga bambanci a alƙalaminsa. Idan an ba ka wakilin aji ko shugaban rukunin firojek, ka ɗauke shi aiki: ka sanar da canjin lokacin lakca a kan kari, ka rubuta kowace naira da aka tara, ka karanta wa mutane lissafi tun ba su tambaya ba. Hausawa sun ce babba juji ne. Wanda bai iya shanye ƙorafin mutum tara a rukuni ba, ina zai kai na ma'aikata hamsin? Kuma idan ba ka gane abu ba, ɗaga hannu. Matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa rabin ajin na jiran wanda zai fara.

Mu 'yan ND II saura mana 'yan watanni. Wasunmu za su tafi kamfanonin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, wasu wuraren gini, wasu sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu su koma gida su buɗe shago da yara biyu. Ko'ina ne, ranar farko za a sami wani da zai tsaya yana jiran ka gaya masa abin da zai yi, kuma abincin gidansa na ranar ya dogara da ko ya gane ka. Za a kuma sami ranar da na sama da kai zai ce a rage siminti, ko a sa hannu a kan abin da ba a kawo ba, kuma kai kaɗai ne a wurin da ka san abin da hakan zai haifar. Waɗannan ranaku biyu su ya kamata ajin Turanci ya shirya mu dominsu. Ƙannenmu na ND I suna da sauran lokaci. Ina fata shugabannin ƙungiya za su kai wannan magana gaban sashen GNS tun kafin zango mai zuwa, kuma wanda ke da ra'ayi saɓanin nawa ya rubuto a fitowa ta gaba mu ji.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfane mu ya amfani iyayenmu da garuruwanmu. Amin.